Gaiwar da Muka Haƙo a Bayan Makaranta

Har gobe ban manta da ranar da Malam Garba ya zo duba ni ba. Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, an tura ni koyon koyarwa wata firamare a bakin ruwa, kusa da Wara. Ga wanda bai san tsarin ba, ɗalibi yakan yi zango guda yana koyarwa, malaminsa na kwaleji ya faɗo ba sanarwa, ya zauna a bayan aji yana ba da maki. Kowane darasi yana da tsari a rubuce, kuma kauce wa tsarin yana cin maki. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara, ni kuwa Inna ta riga ta gama shelanta wa unguwarmu a Yelwa cewa bana ɗiyarta za ta gama.

Malam Garba ne ya koya mana falsafar ilimi. A darasinsa na falsafar zahiri, wadda ke cewa yaro ya fi koyo daga abin da ya gani ya taɓa, ni na zo ta ɗaya. Na haddace ta tsaf, har da waƙafi.

Ranar da ya zo, a tsakiyar rani, darasina a aji huɗu shi ne kifi. Na manna kwali a allo mai zanen kifin da na kwafo daga littafi, ina ta alfahari da shi. Ku duba fa, 'ya'yan masunta nake nuna wa kifin kwali, ga ruwa ana hango shi ta taga.

Na ce, “Kowane kifi in ya bar ruwa zai mutu. Ku maimaita.”

Aji ya ɗauka baki ɗaya, ban da wata yarinya mai suna Hadiza, wadda ba ta cika magana ba. Ta ɗaga hannu.

“Malama, ba duk kihi ba. Gaiwa cikin ƙasa take kwana har rani ya wuce. Jiya ma Baba da hauya ya haƙo ta.”

Ban taɓa jin haka ba, ni da na tashi da miyar kifi. Na saci kallon Malam Garba, na ga ya ajiye biro yana jira. Sauran kiris in ce mata ta zauna, littafi ya fi ta sani. Abin da ya hana ni, yaran duk sun zuba mini ido, na gane sun maimaita maganata ne don ladabi kawai.

Na ce, “Hadiza, za ki iya nuna mana?”

Doka ba ta yarda a fita da yara sai da izinin hedimasta. Na same shi a ofis, ya leƙo ya ga baƙo, ya ce, “Ranar dubawa za ki yi wanga aiki? To, Allah shi ba da sa'a.”

Muka nufi fadamar bayan makaranta, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Hadiza ta kira babanta daga inda yake gyaran komarsa ta kamun kifi a inuwa. Yara suka bazu suna neman ɗan ramin da gaiwa ke shaƙar iska ta cikinsa, waɗanda ba sa iya karanta jimla guda a aji su ne suka fara gano shi. Sara kaɗan baban ya yi ya ɗago dunƙulen laka, ya ɓare shi a hankali. Ga ta nan a naɗe cikin wata busasshiyar fata. Aka saka ta a kwanon ruwa, muka kewaye muna jira. Da ta motsa, ni na fara yin tsalle kafin yaran. Ban san lokacin da na rungume Hadiza ba.

Baban ya yi dariya ya ce, “Ashe malamai ma ba su gama sani ba.”

Lokacin darasi ya wuce, tsarina ko rabi ban bi ba. A hanyar komawa na riga na fara shirya yadda zan gaya wa Inna. Malam Garba ya miƙo mini takarda, takalminsa duk ƙura. Ya rage mini maki a kan tsari, bai ɗaga mini ƙafa ba, amma na haye da rata mai kyau.

Ya ce, “Shafi huɗu kika rubuta mini a kan falsafar nan. Yau kika fara karanta ta, kuma yarinyar nan ce ta buɗe miki.”

Abin da na koya ke nan: yaranmu ba sa zuwa aji hannu rabbana, kuma ladabinsu yakan sa su amsa ƙarya don kada malami ya ji kunya. Shi ya sa duk sabon malamin da aka turo mini, nakan ce ya leƙa ta taga kafin ya manna kwali. Nawa kwalin, Hadiza na ba a ranar, ta kai gida suka riƙa fifita wutar bandar kifi da shi.