Ƙaramar Muryar Malam Bawa

Cikin duk shekarun da na yi a injin casar shinkafa nan Argungu, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da na ga bakin Malam Bawa yana motsi, ina tsaye kusa da shi, amma ban ji abin da yake faɗa ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuka tarar da shi da ɗan farin abu a kunne, har kuna ce masa ɗan gayu, ku saurara ku ji inda abin ya samo asali.

Ni ne Garba, shugaban 'yan dako. Ban yi boko mai nisa ba, don haka yadda abin ya faru haka zan kawo shi. Ga wanda bai san tsarin wurinmu ba, Alhaji mai injin shi ne sama. Daga shi sai direban inji, wato Malam Bawa. Sannan mu masu ɗauka da saukewa. Ana kawo shanshera, wato shinkafa mai ɓuntu, wadda aka turara aka shanya, mu zuba ta a mazubi, inji ya cire ɓuntu ya goge ta, ta fito ta ƙasa mu tara buhu. Aikin direba shi ne ido a kan bel, hannu a cikin shinkafar da ke fitowa. In ya matse inji da yawa ta kakkarye, in ya sake shi ta fito da ɓuntu. Shi ya sa dokar Alhaji guda ce: muddin inji na tafiya, direba ba ya barin wurin. Da kaka kuwa ba a kashe shi daga safe sai an kira azahar.

Ƙarar injin nan kun san ta. Duk wanda ya daɗe a nan, ihu ya zama maganarsa. Ni kaina in na koma gida na ce a ba ni ruwa, sai mai ɗakina ta ce, "Malam, ba inji a nan." To Bawa ya fi kowa, don shi ke manne da inji. In ya yi maka sannu da aiki sai ka ɗauka bashi yake bin ka.

Bawa yana da ɗiya, Kulu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, "Uwata" yake ce mata. Malamar firamare ce. Ta auri wani malami ɗan'uwan aikinta, suka tare a wani ƙauye can bayan Yawuri. Da farko Bawa ya ɗan ja, ba don yaron ba, don nisan wurin. Daga baya ya sa albarka, aka yi biki lafiya. Ƙauyen ba sabis sai a harabar makarantar, nan ma sai an tsaya gindin wata bishiya. Lokacin da take samun kira shi ne in an fitar da yara hutun hantsi, daidai lokacin da injinmu ke tsakiyar aiki.

Na sha ganin kiran nan. Waya ta yi motsi a aljihunsa, ya ciro ya manna a kunne, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya shiga kwarara ihu: "Mi kic ce? Ɗaga murya! Mi kic ce?" In ya gaji sai ya ce, "To, sai an jima!" ya kashe. Sau ɗaya ya fita waje don ya amsa, kafin ya dawo shinkafar wata 'yar kasuwa ta kakkarye, Alhaji ya yi masa faɗan da ya sa bai sake ba. Na ce masa ya riƙa aika saƙon murya da yamma. Ya ce shi ba ya magana da waya babu mutum a ciki, ai sai a ce ya taɓu.

A hankali kiran ya ja baya, har ya tsaya.

Wata rana da kakar bara waccan, bayan mun idar da azahar, na ga bai taɓa abincinsa ba. Na ce, "Kurma, mi ya hwaru?"

Ya ture kwanon gefe. Can ya ce, "Garba, Uwata na da juna biyu. Ta gaya ma uwatta ba ta zuwa gida haihuwa."

"Don mi?"

"Wai har yau hushi nika yi da ita kan auren ga. Wai duk ta kira sai in daka mata tsawa in kashe."

Na ce, "To ai gaskiya ta hwaɗi, tsawa kaka yi."

Ya harare ni. Ko wannan maganar ta sirri da ƙarfi ya yi ta, har mai shayin ƙofa ya waiwayo. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, kowa ya sani. A ce ɗiyar Bawa ta yi wankan jego a hannun dangin miji alhali uwarta na da rai, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Uwar Kulu ta yi rantsuwa ta gaji cewa babu fushi. Kulu ta ce ita abin da kunnenta ya ji ta sani.

Direban motar da ke kai mana kaya Birnin Kebbi shi ya ba ni labarin iyafis, abin amsa kira da ake sawa a kunne, marar waya mai kashe ƙara. Ni ban yarda ba, amma ranar da muka kai lodi sai na bi shi. Muka wuce Ambursa ana ta yankan shinkafa a fadama, muka sauke kaya, ya nuna mini shagon wani mai kayan waya, Nasiru, magidanci mai fara'a.

Na ce masa, "Abin kunne nika so, wanda mutum zai ji magana ko yana cikin inji."

Ya baje mini kala-kala. Ya ce kada in bi kyan kwali. In duba wanda ke da robar da ke shiga kunne ta toshe, don wanda ke rataye kawai ba ya tare komai. In duba wanda cajinsa ke kai wuni, da wanda gumi ba ya kashe shi. Ya sa mini guda, ya ce in danna. Janaretonsa na ta ruri a ƙofar shago, ina dannawa sai ya koma kamar a wata unguwa yake. Na cire, ƙara ta dawo. Na mayar, ta tafi. Na ce, "Kai, wanga ba sihiri ba ne?" Ya yi dariya ya ce ilimi ne. Na biya na taho ina jin na gama aiki.

Sai da na fara zuwa wurin Alhaji, don ba a shigo da sabon abu wurin inji bai sani ba. Ya juya ɗan akwatin a hannunsa ya ce, "Direba da toshen kunne? In bel ya hwara kuka wa zai ji?"

Na ce lokacin kira kaɗai zai sa, ba zai gusa daga wurin ba, ni kuma zan tsaya a bakin buhu da kunnena buɗe.

Ya ce, "In shinkafar mutane ta ɓaci, kai da shi."

Washegari da hantsi aka haɗa abin da wayar Bawa. Ya sa, ya danna, sai na ga ya zabura ya dubi inji, ya ɗora hannu a jikinsa don ya tabbatar bai mutu ba. Sannan ya kira Kulu. Ta ɗauka. Na ga fuskarsa ta washe, ya fara magana. Bai daɗe ba fuskar ta canza. Ya cire abin ya miƙo mini, ya juya ga shinkafarsa. Sai da aka kashe inji ya zo inda nake.

"Na ji ta, Garba. Tas na ji ta, har da hayaniyar yara bayanta. Ita ce ba ta ji na."

Ashe da can, da wayar ke bakinsa yana ihu, tana tsintar wani abu. Yanzu abin ɗaukar maganar ya koma can kunne, inji ya danne shi gaba ɗaya. Ta yi ta cewa "Baba? Baba?" Daga ƙarshe ta ce, "Ba komi, na san aiki ya hi ni." Kuma a karon farko ya ji yadda muryarta ke rawa in tana faɗin haka. Ya ce da bai ji ba ya fi masa sauƙi.

Lodi na gaba na koma wurin Nasiru da zafina. Na ajiye masa kayansa a kan tebur na ce abin banza ya sayar mini. Bai yi fushi ba. Ya sa na ba shi labarin tun daga farko, har da Kulu da bishiyar makaranta. Da na gama ya kama haɓa.

"Baba, kai ka ce mutumin yana son ya ji. Ba ka ce yana son a ji shi ba. Aiki biyu ne. Akwai kashe ƙara don kunnenka, akwai tace ƙara don wanda ke can. Ni ma da na tambaye ka wa za a kira."

Na ce, "To yanzu ka tambaya."

Ya zaɓo guda uku masu ɗan tsawo da ke sauka wajen kumatu. Na ce wannan karon janaretonsa bai ishe ni gwaji ba, wasan yara ne kusa da injinmu. Ya rufe shago, muka zaga bayan kasuwa wurin masu niƙa. Na tsaya jikin injin niƙa ana zuba masara, shi ya koma nesa da wayarsa, ina sa ɗaya bayan ɗaya ina kiran sa. Ban san abin da zan ce ba, sai na riƙa cewa, "Uwata, kin tashi lahiya?" Matan da suka kawo niƙa suka yi ta kallona, ƙato da furfura yana gaida uwarsa a jikin inji. Wata ta ce, "Allah sarki, Allah ya bar zumunci."

Na farko, Nasiru ya ce kamar daga cikin rijiya nake. Na biyu yana yanke farkon magana. A na uku sai ya ɗago hannu daga can ya ce, "Lahiya lau, ɗana!" Shi muka ɗauka. Ya karɓi wancan da na dawo da shi, na yi ciko, ya haɗa mini da robobi manya da ƙanana, ya ce a gwada wadda ta zauna daram a kunnen mai shi, kuma a riƙa goge ƙurar ɓuntu kafin a mayar akwati. Ya kuma ce in gaya wa Bawa gaskiya: abin nan ba ya dawo da jin da ya riga ya tafi.

Ranar da za a sake gwadawa Bawa ya ƙi. Ya ce in aka kuma yin irin ta rannan, shi ke nan. Na ce, "In ba ka kira ba ma shi ke nan. Sa abin ga, tsoho." Ya sa. Ya koma ƙarshen inji ta wajen ƙofar sito, inda ƙarar ta ɗan fi sauƙi kuma yana ganin bel. Ni na tsaya a bakin buhu ina taɓa shinkafa.

Kira na farko ba ta ɗauka ba. Ya dube ni, na yi masa alama ya sake. A na biyu ta ɗauka.

Nan ne na ga abin da na faɗa muku. Bawa, wanda ake jin sa daga bakin titi, yana magana ban ji ko kalma ba. Da ƙarar ta sauka a kunnensa, ya ji muryar kansa, sai ya daina ihu. Ya sunkuyar da kai, idonsa ɗaya a kan bel, yana magana kamar mai lallashin jariri. Ya yi shiru yana saurare, ya yi murmushi, ya sake magana. Can ya ja gefen rawaninsa ya goge ido. Da ya ga ina kallo sai ya nuna mini iska, wai ɓuntu ne.

Abin da suka ce, daga bakin Kulu na ji shi, bayan ta zo gida da tsohon cikinta. Na je gaishe ta, ta ce, "Baba Garba, wallahi na ɗauka wani ne ya tsinci wayar. Sai da nac ce, wa ke magana? Yac ce, ni ne, Uwata, an share maki ɗaki, yaushe kika tahowa? Tun ina ƙarama ban san Baba na da ƙaramar murya ba."

Namiji ta haifa. Ranar suna Alhaji da kansa ya ce a kashe inji har la'asar.

Don haka in ɗayanku zai sayi irin abin nan, kada ya tsaya a kan abin da shi yake ji. Ya je inda ƙara take, ya kira wani, ya tambaye shi me ya iso can. Kuma ku sani, aikin nan yana cin kunne, sannan ya bar mutum da murya mai kama da faɗa. Mu da ke ciki mun san ihun juna gaisuwa ce. Na gida ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne. Bawa har gobe ihu yake mini, ni ma ina ramawa. Amma in hantsi ya yi kuka ga ya laluba aljihu ya matsa wajen ƙofar sito, ɗayanku ya zo ya tsaya a bakin buhu. Da uwarsa zai yi magana.