Kiɗan Agali ta Taga

Duk wanda ya daɗe a Dakoro ya san Agali mai gitar, ko da bai taɓa zama da shi ba. Dogo ne siriri, rawaninshi baƙi, yana saida igiya da shayi a bakin kasuwar dabbobi. A daji aka haife shi wajen Rumbu. Farin da ya share garken mahaifinshi ne ya kora shi arewa yana saurayi, ya yi shekaru yana dakon siminti a ƙasar mutane, can ya koyi kiɗa wurin ƴan'uwanshi Buzaye masu zaman baƙunta. Da ya dawo ya auri Bahausa, ya zauna, biki da suna kuma sai a kira shi.

Gitar ɗinshi irin mai ciki ce, wadda ke magana da kanta ko babu kuran, wato wutar lantarki. Amma tana da rami a gindi inda ake soka waya a kai ta ampili mai ƙara sauti, da ɗan pil, wato batir, a gefe mai ba wayar ƙarfi. Yana da kuma ɗan akwatin eko da yake takawa da ƙafa, ya sa kiɗa ya riƙa maimaita kanshi kamar an yi kira cikin rijiya. Shekara da shekaru yana kaɗawa, ba a taɓa ɗaukar kiɗanshi ɗauka ta kirki ba, sai gutsattsari a wayoyin ƴan biki, rabi guɗa rabi kukan yara.

Ciwon sukari ya shige shi a hankali. Ido ya fara dishewa. Daga baya tsirkiya ta yanke shi a yatsan hagu, yanka ƙarami, ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya kama na kusa da shi. Likita a Maraɗi ya ce yatsu biyu za su fita, in aka jinkirta kuma hannun ne duka. Agali ya roƙa a bar shi ya koma gida ya dawo. Yana da kiɗa guda biyar da shi ya ƙirƙire su, babu mai kaɗa su sai shi, yana so su shiga wani wuri kafin wuƙa.

Mutum ɗaya ke da kayan ɗaukar sauti a unguwarsu, Ɗayyabu mai zuba waƙoƙi a katin memori kusa da tasha. Ɗayyabu kuwa mijin ɗiyarshi Ramla ne. Tun da aka ɗaura auren nan Agali bai taɓa cin abinci gabanshi ba, bai taɓa sauke rawani daga baki ba, ko sunanshi ba ya kira. In sun hango juna a hanya ɗaya ke sake lungu. Waƙoƙin kuma na ƙuruciya ne, na bege da kewa, irin waɗanda dattijo ba ya rerawa gaban suruki.

Ramla ce ta zama ƴar aike. Ta durƙusa gaban uban ta ce, "Baba, ya ce hanya biyu ce. Ko a aje mikro gaban cikin gitar, wani gaban bakinka, a ɗauki itace da murya tare. Ko a soka waya, ita kuma tsirkiya kaɗai take ji."

"Shi mai ɗaukar, ina zai zauna?"

"Ɗaki ɗaya da kai mana, Baba. Wayar mikro gajera ce."

"To a soka waya. Doguwa."

"Muryarka fa?"

"Wanda ya san waƙar ya rera da kanshi."

Ta je ta dawo. "Ya ce kuma, don Allah, a aje akwatin eko. A ɗauka hakanan, shi zai sa eko daga baya a ordinata, kwamfutar nan tashi, daidai yadda kake so. Wai in ya shiga tun farko ba ya fita."

Agali ya yi ƴar dariya cikin rawani. "Ke, tun mijinki na rarrafe nake taka akwatin nan. Mutane da shi suka san ni. Ki ce mashi na gode, eko na nan."

Ba ta sake kawo maganar ba.

Da hantsi suka yi aikin, ana gobe motar Maraɗi. Aka shimfiɗa ma Agali tabarma a zauren gidan Ɗayyabu, aka zaro waya ta taga, ta ratsa tsakar gida ta shiga ɗakin da ordinata yake. Ba a kunna ampili ba don kada maƙwabta su taru. Saboda haka Agali muryar itacen gitar kawai yake ji a ƙirjinshi, Ɗayyabu kuma, da kask ɗin saurare a kunne, abin da waya ta kawo kawai yake ji.

Agali ya naɗe yatsun da tsumma, ya fara da kiɗan ɗumama hannu, wanda kowane saurayi a Abalak, garin Buzaye, ya iya. Ya fito tas. Ya shiga nashi na farko. Bai yi nisa ba sauti a kunnen Ɗayyabu ya fara tsatsa kamar ana soya gyaɗa cikin yashi, eko kuma na ɗaukar tsatsar yana maimaitawa. A gefen gitar ƴar jar fitila na ƙiftawa, alamar pil ya kusa mutuwa, amma idon Agali ya daina ganin irin wannan tuntuni.

Ɗayyabu ya yafito matarshi. "Pil ɗin gitar ne ke mutuwa. Ki ce ma Baba a dakata in ruga kasuwa in nemo wani."

Ta leƙa zaure. Ta tarar da uban ido rufe, jini ya ɓullo ta tsumma yana shafa wuyan gitar, yana rera waƙar ƙasa ƙasa cikin rawani, irin yadda yake yi ma mahaifiyarta kafin ta rasu. Ramla ta tsaya har ya kai ƙarshe. Da ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, wai ko za ka ɗan huta?"

"In na aje ta yau, ɗiyata, ban iya sake ɗauka. Jeki."

Ta koma ta ce ya ƙi. Ɗayyabu ya cire kask, ya tuɓe takalmi, ya zo gindin taga ya tsuguna.

"Baba, sannu da aiki."

Waƙar ta yanke a bakin Agali. Ya ja rawani har ƙasan ido. "Yauwa."

"Baba, na ce, pil ɗin nan, ko ya ɗan daɗe?"

Agali ba pil ke ranshi ba. Abin da ke ranshi shi ne yaron nan ya ji shi yana waƙa, so yake ya bar gindin taga. "Lafiyarshi lau," ya ce.

Ɗayyabu ya ɗan jira. Suruki ya ce lafiya lau, ba a maimaita mashi magana. "To madalla, Baba," ya ce, ya koma ɗaki, ya maida kask, ya zauna yana kallon ƙasa har aka gama duka biyar. Da Agali ya aje gitar hannun ya kumbura har wuyan hannu, ba ya ko rufuwa.

Aka yi aiki a Maraɗi, yatsu biyu suka fita. Ya dawo ya yi jinya a ɗakinshi, kullum yana tambayar katin, Ramla na cewa ana gyara. Ɗayyabu ya yi iyakar abin da ya iya a ordinata, eko ya riga ya dama tsatsar cikin kiɗan, ba ta rabuwa.

Wata ranar kasuwa da la'asar Ramla ta kawo ƙaramar rediyo ta sa katin. Ɗayyabu ya tsaya waje bakin ƙofa, inda ba a ganinshi. Kiɗan ɗumama hannu ya fito, kyakkyawa, Agali na gyaɗa kai. Sai na biyu ya shigo. Ya saurara. Ya sa ta wuce na gaba, da na gabanshi. Duk ɗaya, na ƙarshe ma ba a gane gitar ce.

Agali ya juyo wajen Ramla.

"Mijinki ya sani tun ranar?"

"Ya sani, Baba. Ni ma na sani."

"Shi ne ya zo gindin taga."

"Eh."

Agali ya dubi hannun da ke naɗe bisa gwiwarshi. "Ki ce mashi Allah ya yi mashi albarka. Yaro ne mai kunya."

Daga waje aka ji Ɗayyabu ya ce amin a hankali. Ramla ta ce ko ta goge sauran, a bar mai kyaun.

"Wancan na kowa ne. Maida mani na huɗu."

Ta maida. Ya ɗauki rediyon da hannun dama ya manna a kunne, ya rufe ido, ya bi tsatsar a hankali.

"Kiɗan yana nan a ƙasa," ya ce. "Ba ki ji ba?"

Ramla ta matso ta kasa kunne. Ba ta ji kome ba sai soyuwar yashi.