Zoben Zuhal a Idon Baba

Mahaifina ya yi shekaru cikin masu duban jinjirin wata a unguwarmu ta Hausari. Idan Sha'aban ya zo ƙarshe, mutane kan jeru bayansa suna bin yatsansa da kallo. Shi ne kuma hawan jinin ido ya kama. Likita ya ce ganin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma yana kan hanya. Ni kuwa lokacin haukan taurari ya ɗebe ni, har na sayi wani madubin hangen nesa na hannu, mai ƙafa uku, ɗaya na ɗingishi. Burina guda ne, Baba ya ga Zuhal, duniyar nan mai zobe, kafin haske ya ƙare masa.

A tsakar gida abin ya ƙi. Rufin kwano na amayar da zafin yini, iska na rawa, ga fitilun tireloli sun hana sama yin baƙi. Sai na goya shi a babur bayan isha'i muka bi hanyar Nangere, muka tsaya bakin wata gonar gero da aka girbe. Na saita madubin, Zuhal ta zauna tsaf, ƴar mitsitsiya kamar ƙwayar shinkafa. Baba ya duƙa, ya gwada ido ɗaya, ya gwada ɗayan, ya daɗe.

"Ɗan nan, duhu kawai nake gani," ya ce.

Tausayinsa ya kama ni. Na ɗaure wayata a bakin madubin na ɗauki bidiyo, sauro na ta walima a ƙafata.

Washegari na zuba bidiyon a kwamfuta. Akwai manhajar da ke warware shi zuwa dubban hotuna, ta zubar da waɗanda iska ta jagwalgwala, ta ɗora masu kyau bisa juna har su zama hoto guda. Na ƙara masa kaifi kaɗan, na sa shi a talabijin ya cika fuskarta, na kamo hannun Baba ina ta washe baki. Da ya ji yadda aka yi, sai ya kau da kai.

"Wannan ai kai ka haɗa. Ban taɓa ba da shaida kan abin da aka zana min ba."

Raina ya sosu, don taurin kan nan a wurinsa na gada. Na danne, na sake yi masa bayani dalla-dalla. Sai ya tambaya ko hotunan da aka zubar ƙarya suka yi. Na ce a'a, iska ce ta ruɗe su.

"Waɗanda suka rage fa, bakinsu ya zo ɗaya kan zoben?"

"Ɗaya, Baba."

"Haka ake tace masu ganin wata. To matso da ni."

Ganin da ya rage masa kamar na mai leƙe ta kafar ƙofa ne, don haka sai ya riƙa tafiyar da kansa a hankali, daga wannan bakin zoben zuwa wancan. Ya je ya dawo ya sake komawa.

"Ikon Allah," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ashe bai ma taɓa jikinta ba."

Kafin wata kaka idon ya rufe gaba ɗaya. Ranar nan muna shan iska a ƙofar gida ya tambaye ni labarin Zuhal. Na ce yanzu zoben ya juya mana gefensa, ya koma siriri kamar zare, da ƙyar waya ke kama shi.

"Naku ne ya juya," ya ce. "Nawa yana nan a buɗe, kullum ina kallonsa."