Ludayi Uku na Soda

Na fi shekara hamsin ina taɓa kanwa da hannuna. Na san jar kanwa, na san fara, na san ungurnu wadda ake jiƙa wa mai ciwon ciki. A unguwarmu nan Shinkafi, in mace ta haihu, ni ake kira in dama mata kunun kanwa, don an san ba na zarce awo. Marigayi maigidana kuwa, duk gabanin damina shi ke ba shanun huɗarmu kanwa, ni ke jiƙa masa. To abin da har yau ke ci mani rai, ranar da wanga sani nawa zai yi wa jikana amfani, ba wanda ya saurare ni.

Shekarar da anka yanke mana jiha daga Sakkwato ce, ko wadda ta biyo ta. Komai sabo ake so, har 'yan ƙwallo. Sai labari ya zo cewa manya za su zo daga Gusau su zauna Ƙauran Namoda, yaran Shinkafi da na Zurmi da na Ƙaura su kara, a zaɓi waɗanda za a ɗauka.

Jikana, ɗan babban ɗana, shi ne mai gudun ƙungiyarsu. Ya kai ashirin a lokacin. Ubansa ya gaji da shi, don duk la'asar sai ya aje fartanya ya nufi fili. Ran nan a gabana ya ce masa: "Ka tafi Ƙaura sau ɗaya. In sun ɗauke ka, Allah ya ba da sa'a. In ba su ɗauke ka ba, ka rataye takalman nan, ka kama shanu, kada in sake jin zancen." Yaron ya ce ya yarda. Ni na san ɗana, ba ya maimaita magana.

Saura kwana huɗu su tafi, sai ga jikan nawa ya shigo ɗakina da ƙunshin takarda, yana neman inda zai cusa.

Na ce, "Maigida, mi kake ɓoyo a ɗakin matarka?" Haka nake kiransa tun yana rarrafe.

Ya ce, "Ke tsohuwa, wanga ya fi ƙarfinki. Maganin gudu ne, na Turawa. Malam ya ce in aje inda ba raɓa."

Na kwance ƙunshin. Farin gari ne, lukui. Na dangwala, na sa a harshe. Na ɗebo ruwan tsamiya da na jiƙa, na barbaɗa kaɗan, sai ya taso da kumfa yana tsuwwa.

Na ce, "Wagga ai 'yar'uwar kanwa ce, an dai yi mata wanka. Je ka kira mani Malamin naku."

Malamin da ke koya musu ƙwallo ɗan maƙwabciyata ne, yana koyarwa a makarantar firamare. Ni na yi wa uwarsa wankan jegonsa. Ya zo zaure ya durƙusa ya gaishe ni, yaran ƙungiyar sunka biyo shi sunka cika ƙofa.

Ya ce, "Inna, soda ce, wadda masu burodi ke sa wa ƙullu. Na karanta cewa in mutum ya yi gudu mai tsanani, wani tsami ke taruwa a jikinsa, shi ke sa ƙafa ta yi nauyi. Ita sodar tana kashe tsamin, sai mutum ya ƙara jurewa."

Ban yi masa gardama ba. Duk wadda ta taɓa dafa miyar sure ta san mi ke kashe tsami. Na ce, "Wanga kam gaskiya ne, ɗana. Amma nawa za ku sha?"

Ya ce takardar da ya karanta ta ce a auna da nauyin mutum, su kuma ba su da sikeli, don haka ya yanke kowa ludayi uku ƙanana, a kaɗa a ruwa.

"Yaushe?"

"Gab da shiga fili, don ƙarfinta kada ya wuce."

"Da abinci a ciki?"

"A'a, Inna. Abinci na sa nauyi."

Na yi salati. Na ce masa ya zauna da kyau ya ji. Kakan yaron nan bai taɓa ba shanu kanwa ranar huɗa ba. Kwanaki kafin nan yake farawa, ɗan kaɗan, da dusa, da ruwa mai yawa, sannan ya zagaya ya duba kashinsu. Wanda cikinsa ya saki, a rage masa. Wanda ya ɗauka, a ƙara. Sa biyu ma ba awonsu ɗaya ba, balle mutum goma sha ɗaya. Na ce, "Ku gwada yau. Ku ba kowa rabin ludayi a cikin kunu, ku bari ta kwanta, ku je fili ku gani. Gobe ku sake. In ranar ta zo kun san cikin kowa."

Malam ya sosa kai. Ya ce da ƙyar ya samo wagga, in anka taɓa ta yanzu ba za ta isa ranar ba.

Na ce, "To ga kanwa cike da tukunya. In dama muku kunu da ita, da awona, ku gwada da shi."

Nan fa yaran sunka fashe da dariya. Wani dogo mai tsaron ragarsu ya ce, "Kaka, kunun jego? Wa ya haihu cikinmu?" Wani ya dafa jikana ya ce, "Barka da sauka lafiya, mi anka samu?" Sunka yi ta kyakyatawa har da riƙe bango. Na dubi jikana, na ga kunya ta rufe shi, kuma ni yake jin kunya, ba su ba.

Ya ce, "Tsohuwa, don Allah ki bari. Mu ba shanu ba ne. Wanga abin karatu ne."

Na ce, "Cikin naka ya yi karatu?"

Sunka ƙara dariya. Malam ya miƙe, ya ce, "Mun gode, Inna, za mu duba." Na san irin wagga godiya. Ita ake yi wa tsohuwa in ana so ta koma ɗaki.

Ban haƙura ba. Washegari na tare uwar Malam a bakin rijiya na gaya mata. Ta ce ita mi ta sani, ɗanta ya yi kwaleji. Na gaya wa ɗana, ya ce shi ba ruwansa da abin da za su sha, ya riga ya yi maganarsa. Na koma kan yaron, na ce ko shi kaɗai ya sha ludayi ɗaya ya zubar da sauran, ba mai ganewa. Ya ce ai a gaban Malam za a sha, a layi.

Ranar tafiya na dama fura mai kauri na zuba a gora, na ba shi. Na ce, "Ka sha wagga a hanya, ko ba komai ta tare maka ciki." Ya karɓa. Da motarsu ta tashi na fito shara, sai ga gorar a bayan ƙyauren zaure, a jingine, ko buɗe ta bai yi ba.

Wunin nan ban iya kaɗi ba. Zaren sai tsinkewa yake.

Kafin magariba sunka dawo, ba waƙa, ba ihu. Jikana ya wuce ni, ya faɗa ɗaki. Dogon nan mai zancen jego shi ya zauna a zaure ya ba ni labari, fuskarsa ta yi fari fat.

Ya ce sun sha a bakin fili, kowa ludayi uku. Tun kafin a busa, ciki ya fara kumburi, gyatsa ta ko'ina. Da anka fara da yaran Zurmi, jikana ya yi gudu biyu masu kyau, har ɗaya daga cikin manyan ya nuna shi da alƙalami. Sai ya tsaya, ya dafe mara. Ya fita da gudu ya zagaya bayan katanga. Ya dawo, ya taɓa ƙwallo sau ɗaya, ya sake fita. Na uku bai dawo ba. Kafin hutun rabi, biyar sun bi shi. Mutanen Ƙaura da ke kan katanga sunka riƙa ƙirga su da ƙarfi.

Na ce, "Su yaran Zurmin mi sunka sha?"

Ya ce, "Ba komai, Kaka. Ɗumame sunka ci da safe."

An ɗauki huɗu cikin yaran Zurmi. Daga namu an ɗauki ɗaya, wani ɗan ƙauyen Katuru da ya amayar da tasa sodar tun a bakin fili.

Na jiƙa wa jikana gero, na tace masa ruwan ya sha, cikin ya tsaya. Da gari ya waye na je wurin ubansa. Ban taɓa roƙon ɗana komai ba sai ranar. Na ce ba ƙafarsa ce ta gaza ba, ganganci anka yi masa, a bar shi ya sake gwadawa baɗi. Ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Ke kin gaya masa, bai ji ba. Ni ma na gaya masa." Ya shiga ya ɗauko igiyar shanu ya aje a ƙofar ɗakin yaron.

Malam ya zo ya ba ni haƙuri. Ya ce ashe a ƙasan takardar an rubuta cewa a gwada tukuna, a sha da abinci, da sauran lokaci, shi bai kai nan ba. Wanga ne ya fi ɓata mani rai. Ashe har Turawan da ni bakinmu ɗaya.

Shekarar da anka ƙaddamar da shari'a, jikana ya riga ya zama mai shanu sosai, ya yi aure. Takalman na nan rataye a rumbu, gara ta ci ɗaya. Da damina ta matso, ya shigo ɗakina da guntun jar kanwa a tafin hannu. Ya tsaya, bai yi wasan da ya saba ba.

Ya ce, "Tsohuwa, na sabon san nan ne. Wagga ta isa?"

Na duba. Na ɓantare rabi na mayar tukunya. Na ce, "Da dusa. Kuma ka zagaya gobe ka duba."

Ya ce to. Na bi shi da kallo har ya fita. A la'asar ɗin ana jiyo ihun yara daga fili, shi kuwa ya nufi turke.