Shafin Alhaji Mai Zuwa Jam'i

Jama'a, na gano matsalar! Alhamdu lillahi!

Shafin intanet ɗin da na haɗa wa wani Alhaji mai huluna a Mandawari cikin Kano ya hana ni sakat. Kullum sai ya ɗauke, can kuma ya dawo da kansa. Na sabunta manhaja, na zagi kamfanin da ke riƙe da shafin, ashe alhakinsu na ɗauka. Har Alhaji ya fara zancen neman ɗan gari. Ni kuwa baƙo daga Yola, in aikin nan ya kuɓuce sai tasha.

Yau ina shagonsa aka kira azahar. Sai na ga ya zaro waya ya danna maɓallin da ke rufe shafi lokacin gyara.

Na ce, "Alhaji, me ka taɓa?"

Ya ce, "Rufewa na yi mana, Malam. A tafi masallaci a bar shago a hangame? Mutum ya yi sallama ba mai amsawa?"

Dariya har da hawaye! Na sauya masa maɓallin, yanzu sanarwa kawai yake fitarwa: "Mun tafi salla, zaɓi hularka." Aikina ya tsira.

Abokan sana'a, wa ya taɓa haɗa shafin da ya fi wannan kiyaye sallar jam'i?