Duro Ɗaya Zuwa Nguru

Talata: Katsina zuwa Kano

Na tayar da a-kori-kurata daga Ƙofar Sauri da ƙarfe biyar da rabi, ana fitowa daga sallar asuba. Babu komai a bayanta sai tamfol da igiya da tsofaffin tayoyi biyu. Sunana Lawal, direba ne ni, na haura sittin da biyar. Na rubuta wannan tafiya ne saboda maganganun da ake ta yi a zaurukan unguwarmu, daga bakin mutanen da ko Kankiya ba su raka ni ba.

Wanda ya aike ni shi ne Bishir, ɗan maƙwabcina marigayi Malam Isuhu tela. Matuƙin helikwafta ne. Ya tashi daga Katsina cikin wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu, da niyyar ya zagaye ƙasar nan ya dawo cikin kwana shida, domin wanda ya riga shi kwana bakwai ya yi. Jirgin ba ya shan man da manyan jirage ke sha, nasa fetur ne na musamman, kuma tankinsa ƙarami ne. Saboda haka duk inda zai sauka sai an riga shi kai mai ta ƙasa. Zangonsa na ƙarshe kafin gida Nguru ne, ranar Alhamis, kwana na shida. Ni aka ba wannan zango.

Na tsaya Kankiya na sha koko da ƙosai na naira ɗari biyar, na wuce Tsanyawa da Bichi, na shiga Kano ƙarfe tara, kilomita ɗari da saba'in ke nan. A ma'ajiyar mai kusa da filin jirgi aka ɗora mini duro guda, an ɗaure bakinsa da waya an danne da hatimin darma. Mai ma'ajiyar ya ce, "Baba, in hatimin nan ya karye, man ya tashi daga aiki. Cokali ɗaya na ruwa ya isa ya kashe inji a sama."

Ina ɗaure igiya wasu matuƙa biyu suka tsaya kaina. Babban cikinsu, mai furfura, wanda ya yi ritaya daga manyan jirage, ya ce, "Wannan na yaron nan ne mai keke napep ɗin sama? Inji ɗaya, ba ya tashi da dare, iska kaɗan ta yi wasa da shi. Neman suna ne kawai. In ya faɗo mu za a ce ba mu yi masa faɗa ba."

Na biyun ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, ku naku jirgin shi ke tuƙa kansa kuna shan shayi. Wancan in ka saki hannu ka sosa hanci sai ya juya da kai. Awa biyar a rana hannu biyu da ƙafa biyu suna aiki. Ni ba jirgin nake ji masa ba. Irin wannan tafiya a ƙasa ake cinta, a ƙasa ake faɗuwa. Ka ga wannan dattijon? Shi ne rabin jirgin."

Na ji daɗin maganar har na kasa ɓoyewa. Na kwana Kurna gidan surukina.

Laraba: Kano zuwa Haɗeja

Na fita ƙarfe bakwai, hadari ya haɗo gabas. Shinge huɗu na wuce kafin Gumel, kowanne na miƙa takardu aka duba aka ce Allah ya kiyaye. Na biyar, gaba da Gumel kaɗan, ƙarfe sha ɗaya saura, shi ne ya ɓata mini tafiya.

Wani mai kaki, wanda na tabbata na haifi kamarsa, ya ɗaga tamfol ya ce, "Tsoho, ƙetare za a kai?"

Na ce man jirgi ne, ga takarda.

"Jirgin naka yana ina? Ko shi ne wannan da kake ciki?"

'Yan'uwansa suka kwashe da dariya. Takardar ko buɗe ta bai yi ba. Na roƙe shi da girman iyayensa kada ya taɓa hatimin, na ce ran mutum ne a ciki. Ina magana ya sa filaya ya datse wayar. Ya ɗauko wani baƙin tiyo daga ƙasa, wanda da ganinsa man gas ake zuƙa da shi, ya zura ya cika kwalba. Da ya ga man shuɗi ne sai ya ce wannan ba fetur ba ne, sai babbansu ya zo. Yayyafi ya fara. Na ce a bar ni in rufe bakin duron, ya ce shaida ce, kada in taɓa. Minti ashirin duron yana buɗe ana yayyafi a kansa. Da babban nasu ya iso ya karanta takardar tsaf, sai ya ce, "Ai kuwa gaskiya ne. Yi haƙuri Baba, wuce."

Yi haƙuri. Har yau in na tuna kalmar nan sai abinci ya fita raina. Yaro ya kwana biyar a sama yana yaƙi da iska, wani ya rushe masa aiki da filaya don ya ba abokansa dariya.

To amma abin da ya biyo baya ba mai kaki ya yi shi ba, ni na yi. Kafin Malam Madori na gangara gindin wata tsamiya na kashe mota. Wayar salula tana aljihuna. Ban kira Bishir ba. Na ji kunyar a ce an ba tsoho duro ɗaya tal ya kasa kai shi. Sai na ɗauko filayata, na haɗa bakin wayar, na tura mahaɗin ƙarƙashin darmar, na danne. Minti goma bai cika ba hatimi ya koma kamar ba a taɓa shi ba.

Hannuna ya san aikin ne domin na taɓa yin bumburutu a Ƙofar Kwaya shekaru masu yawa da suka wuce. Mukan buɗe duro mu surka kananzir da fetur mu mayar da hatimi, mu ce ba komai. A cikin kananzir ɗin da na surka ne Malam Isuhu ya aiko aka sayi kwalba. Fitila ta fashe a hannun ɗiyarsa Hajara, yayar Bishir, tana 'yar shekara tara. Ni na ɗauke ta a mota zuwa asibiti, gidan suka yi ta sa mini albarka, ban ce uffan ba. Amanar da Bishir ya ba ni daga wannan ranar ta samo asali.

Na isa Haɗeja la'asar, na kama ɗaki kusa da tasha. An kawo mini tuwo da miyar kifi na dubu ɗaya da ɗari biyar, na ci loma uku na ture.

Alhamis: Haɗeja zuwa Nguru

Kilomita casa'in da wani abu, amma ramuka suka sa na yi awa biyu da rabi. Ƙarfe tara da rabi ina filin saukar. Sha ɗaya da minti goma na jiyo ƙara daga gabas, sai ga shi kamar mazari. Ya sauka, fankar ta tsaya, Bishir ya fito yana ɗingishi saboda zama, idanu jawur, leɓe a bushe.

"Baba Lawal, kun sha hanya. Ina gajiya?"

"Gajiya taku ce, Kyaftin."

"Awa biyu da rabi ta rage mini. Hajara ta ce tun safe ta ɗora tukunya, wai in na makara ita za ta cinye."

Ya duƙa ya duba hatimin, ya shafa shi da yatsa, ya ce, "Lafiya lau." Ya datse wayar, ya ɗauko famfon hannu. Ina kallon hannunsa a kan famfon, sai hannun yayarsa ya faɗo mini, yadda fatar ta tattare daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu.

Na ce, "Bishir, aje famfon nan. An buɗe duron jiya. An zura masa tiyon gas, ruwa ya sauka a kai. Hatimin da ka gani ni na mayar."

Ya aje famfon. "Ƙarfe nawa?"

"Wajen sha ɗaya na safe."

"Baba, da kun kira ni a lokacin, da wani duron ya kwana nan."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ko za a tace man da ƙyalle. Ya ce ruwa ana iya gani a kwalba, gas ba a gani, kuma shi ba ya tashi da man da ake ce wa wataƙila. Ya buga waya Kano. Mota ta taso nan take, amma sai bayan magariba ta iso, jirgin kuwa ba ya tafiyar dare. Kwana na shida ya ƙare muna zaune a inuwar jirgi.

Da la'asar ya sayo gasasshen kifi ya ajiye tsakaninmu. Ya ce, "Ku ci, Baba. Akwai wani da muka yi makaranta tare, an ba shi mai aka ce masa ba komai. A gonar dawa aka tsinto shi. Ina jin haushinku, ba zan ɓoye ba. Amma ku ci."

Juma'a: komawa gida

Ya tashi ƙarfe bakwai da sabon mai, ya sauka Katsina kafin goma, kwana bakwai cif, daidai da wanda ya riga shi. Babu tarihi, babu kambi. Ni na biyo hanya da duron da aka ɓata, na sauke shi Kano, na shigo Ƙofar Sauri ana kiran magariba.

Tun ban kashe mota ba magana ta riga ni. Wani ya ce tsufa ne ya sa ni surutu. Wani ya ce, "Mi ya kai ka hwaɗi? Yayyahi ne hwa. Da ka yi shiru da yanzu sunan Katsina na cikin littahi." Waɗannan su ne suka yi kwana biyar suna cewa Bishir wasa yake da ransa a cikin gwangwani. Yanzu kuma su ne ke jin haushin ba a zuba masa man da ba a san cikinsa ba. Ku tuhume ni da shirun Laraba, na karɓa, shi ya ci tarihin. Maganar Alhamis kuwa ko gobe sai in sake ta. "Ba komai" ɗin da kuke so in ce, na taɓa faɗinsa sau ɗaya, na ga abin da ya haifa.

Asabar da hantsi na tafi Babbar Kasuwa, rumfar da Hajara ke sayar da atamfa. Na tsuguna na gaya mata asalin kananzir ɗin fitilarta, tun daga duro har hatimi. Tana ninke wani turmi, ba ta daina ba sai da ta gama. Ta ja hannun rigarta ta rufe tabon, ta ce, "Shekara talatin da biyar, Baba." Ta ajiye turmin. Can ta ce, "Bishir dai ya shigo gida da ƙafafunsa. Ku tashi daga ƙasa, mutane na kallo."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban nema da baki ba, domin ba ni da wannan hurumin. Na gode wa surukina na Kurna, da mai masaukin Haɗeja, da matuƙin nan na Kano da ya kira ni rabin jirgi ban cancanta ba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida lafiya, ya kuma buɗe bakina kafin famfon nan ya fara aiki.