Littafina na Feshi Ya Fito a Baibai

Jama'a, yau ilimi ya ci baya a ƙasar Ikara, kuma da sa hannuna!

Kun san littafin zanen da na yi da ajami don manoman tumatir. Labarin gajere ne: manomi ya yi feshin magani ba takunkumi, ya kwanta asibiti, ya warke, ya koma gona da fuska a rufe.

Ɗazu kwalin littattafan ya iso daga kamfanin da ke buga mana ko kwafi nawa muka nema. Ban ko duba ba, na miƙa wa Baba Ilu, manomi daga ƙauyen Furana, guda. Ya buɗe daga dama, kamar kowane mai karatun allo. Can sai ya ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka! Na daɗe ina faɗa, ƙyallen nan shi ne ciwon."

Na karɓa. Innalillahi! An jera shafukan daga hagu, irin na boko. Mutum ya sa takunkumi, ya kwanta asibiti, ya cire, ya yi feshinsa yana murmushi!

Na kira kamfanin. Wata baiwar Allah ta ce, "Yallaɓai, mun canza tsari, yanzu kai ke zaɓar ɓangaren da za a ɗinke littafin, dama ko hagu. Yana cikin saƙon shawarwarinmu na wata-wata." Na duba waya. Yana nan kuwa, ban taɓa buɗe shi ba.

Na juyo in yi wa Baba bayani. Aka ce ya ɗebi kwafi goma ya hau acaɓa. Gobe ake feshi a Furana.